Kawu Ilu da Duwatsunsa

Duk wanda ya san Kawu Ilu, yayan mahaifiyata, ya san takalman nan nasa na hawan dutse, masu nauyi kamar bulo. Da su yake zuwa Juma'a, da su yake zuwa suna, a ƙarƙashin babbar riga. Ya saye su ne tun yana saurayi, lokacin da aka tura shi kwas ɗin injiniya wani gari cikin duwatsun Austiriya, ya zauna a wata unguwa can bayan gari. Wata uku kacal fa ya yi. Amma shekara arba'in muna shan labarinta: tsohuwar majami'a, injin niƙa mai aiki da ruwa, shanu masu ƙararrawa a wuya.

Kowace Asabar sai ya taso daga Takoma Park ya tsaya ƙofar gidana a Mitchellville, nan Amurka, yana danna hon ɗin motarsa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ranar kaɗai nake hutu, amma wa ya isa ya ce wa Kawu a'a? Haka zai kwashe mu, ni da iyalina, sai duwatsun Virginia. Duk allon tarihin da ya gani a bakin hanya sai ya tsaya ya karanta da ƙarfi, ya fassara mana, sannan ya ƙaryata shi. Wata Baturiya mai kula da ɗaya daga cikin wuraren ta taɓa gaya masa cewa masana tarihi ne suka rubuta. Ya tambaye ta ko a gabansu aka yi. Ta ce a'a.

Ya ce, "To ni da su ɗaya."

Taswirar wayar hannu kuwa, bai yarda da ita ba. Ya taɓa yawo da mu awa huɗu a daji, ƙafata ta kumbura. Da muka ɓullo bayan gidan wani manomi na ce, "Kawu, mun ɓata ko?" Ya ce mu ba mu ɓata ba, motar ce ba ta inda ya kamata.

Da ya cika saba'in, 'ya'yansa suka kai shi ya sake ganin unguwar tasa ta Austiriya. Na bi su saboda ciwon zuciyarsa, don likita ya hana shi hawan dutse. Akwai wata 'yar mota da ke rataye a jikin waya tana kai mutane saman dutsen unguwar, ya ce shi ba kaya ba ne. Na ɓoye takalman. Da safe ya sulale da silifas ɗin otal, ya nufi dutsen.

Na tsince shi a kan benci, bai yi tafiyar minti goma ba, yana haki, leɓɓansa sun bushe. Na rufe shi da faɗa kamar ba kawuna ba. Ya bari sai da na gama, ya daɗe yana kallon dutsen.

Ya ce, "Hajara, sun ƙara masa tsawo."

Cikin azumin bara ya rasu, muna tsaka da rigima kan maganin da ya ƙi sha. Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, ni kuma Ya yafe mini tsawar da na yi ta daka masa.