Tanimu da Injin Rijiyar Jaye

Tanimu ɗan Cadawa ne. Ya koyi gyaran inji a Maraɗi, ya dawo gida yana gyara injunan niƙa. Ba ya kwance inji sai ya zauna kusa da shi ya saurara, har mutane suka ce jinkiri ya yi masa yawa. Ni dai ban taɓa faɗin haka ba.

A lokacin farin shekarar tamanin da huɗu rijiyoyin gabashin Gazawa suka ƙafe, sai guda mai zurfi da aka kafa wa injin gazuwal, wato man dizal. Wani Bafillace, Jaye, shi aka ba tsaronta, har aka riƙa kiran ta da sunansa. Shanunsa goma sha ɗaya suka rage, kuma ba mai ƙarfin kaiwa wata rijiya.

Sai injin ya fara fitar da hayaƙi shuɗi duk safiya. Malam Sabo na buro, ofishin da ke kula da rijiyoyi, ya zo ya gani, ya ce zobban fistan sun cinye, za a kai shi Maraɗi, sati uku ya dawo. Jaye ya taka har Cadawa ya zo da Tanimu.

"Malam Sabo, ka ba ni safiya uku," in ji Tanimu.

"Kai da injin niƙa ka sani. Biyu na ba ka, rana ta uku mota za ta zo."

Da asuba Tanimu ya tada injin. Hayaƙi ya turnuƙe, shuɗi, mai warin baƙin mai. Da injin ya ɗumama sai ya ragu sosai. Ya ce mana, mu da ke tsaye muna kallo, baƙin hayaƙi gazuwal ne ya yi yawa, shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa. In zobba ne suka cinye, ai yini zai yi yana yi. Wannan da safe yake yi, wato man na taruwa inda bai kamata ba tun injin na kwance.

Da la'asar, bayan an kashe injin ya huce, ya zaro ƙarfen awon mai, ya karce shi da wuƙa daidai inda man ya tsaya. Washegari kafin ya tada shi ya sake zarowa. Man ya haura alamar da yatsa biyu.

Ya daɗe yana duban ƙarfen nan.

"Baffa Jaye, injin da ke shan mai, yaya mai ke ƙaruwa a cikinsa? Ko haihuwa yake yi?"

"Kai, kaɗo, ni nake ba shi. Dabbar da ta yini tana aiki a bar ta ta kwana da yunwa? Kullum magariba ina cika masa har baki, da tukunyar nan tasa ta shaƙar iska. Garwar man da buro suka aje, ba tasa ba ce?"

"Tasa ce. Amma ko saniyarka in ta cika ciki da kanwa me za ka gani?"

Jaye ya sunkuyar da kai. "Kumburi."

Tanimu ya tsiyaye rarar man, ya wanke tukunyar iskar, ya zuba mata mai iya layin da aka zana. Ya tada injin, hayaƙin bai daina ba. Jaye ya dube shi.

"Sauran na jiya ne a bututu," in ji Tanimu. "Mu bar shi ya yini yana aiki."

Ranar Tanimu ya kwana bakin rijiyar, garwar man a ƙarƙashin kansa.

Mota ta iso da hantsi. Injin sanyi ƙalau, don Tanimu ya hana a taɓa shi. Malam Sabo ya ɗora hannu a kai ya tabbata, sannan aka murza. Ya yi tari biyu, ɗan hayaƙi ya fita ya ɓace, ruwa ya biyo kwamin da shanu ke sha.

"Me ka gyara?" in ji Malam Sabo.

"Abinci na rage masa."

Bai ambaci sunan kowa ba, kuma tsaron rijiya bai bar hannun Jaye ba. Mota ta koma wayam. A cikin shanun nan goma sha ɗaya na Jaye, takwas sun ga damina.