Gwadabe Mai Aron Fuska

Gwadabe Lukuman yana da shekara hamsin da biyu, magidanci ne a Laranto, kuma shi ke zana allunan talla na wani gidan silima a cikin Jos. Haƙar kuza ce ta kawo mahaifinsa garin, amma shi bai taɓa riƙe diga ba. Da rubuta karin magana a jikin manyan motoci ya fara, daga baya ya koma alluna.

Yawancin finafinai kafin su iso Jos sun zaga Legas da Kano, takardun tallarsu duk sun yage. Mai juya na'ura ne ke ba Gwadabe labarin a taƙaice, shi kuma ya zana. Ba ya shiga kallo, ya ce duhu na sa shi barci. Bai kuma iya ƙirƙiro fuska da ka ba, sai dai ya ari ta wani da ya sani. Akwai mahaucin da ya taɓa fitowa a matsayin ɗan dambe, har yau yana taƙama da abin.

A daminar bana ta 1978 aka kawo wani tsohon fim na Turawa. Labarin wata mata ce a dogon bene cikin babban birni, aljani ya shige ta, tana magana da muryar ƙato, duk maƙwabcin da ya ci girkinta shi ma sai ya kamu. Da Gwadabe ya ji an ambaci girki, sai hannunsa ya tafi kan Maimunatu, bazawarar da ke sayar da tuwo a bakin tashar mota. Ya yi mata jajayen idanu da gashi a tsaye da ludayi a hannu. Bai manta da wushiryarta ba.

Aka jingina allon a ƙofar tasha. Direbobi suka je suka ga fim, suka dawo suka dubi allo, suka dubi Maimunatu. Babu wanda ya zarge ta da komai. Sai dai kowa ya wayi gari ko yana azumin nafila, ko ya ci daga gida.

Nwabueze mai kayan gyaran mota, wanda kullum a wurinta yake cin abincin rana, ya tsaya daga nesa.

"Mama, ni ba tsoro nake ba," in ji shi. "Ki yi magana tukuna in ji."

Ta yi magana. Ranar kuwa mura ta shaƙe mata murya. Nwabueze ya tuna ya bar shago a buɗe.

Maimunatu ta taso daga gaban murhu, hayaƙi ya jajanta mata ido, ta ratsa tasha da ludayi a hannu har rumfar Gwadabe. Wannan tafiyar ba ta taimake ta ba.

"Malam Gwadabe, me na tsare maka?"

"Hajiya, ai karramawa ce. Ke ce babbar 'yar wasan."

"Babbar 'yar wasan ce ta zubar da tuwonta jiya. Yarana allo za su ci?"

Gwadabe ya je ya cike wushiryar da ke jikin allon da farin fenti. Direbobi suka ce hoton ma ya fara sauya kama. Ya ɗauke allon baki ɗaya, suka ce da kansa ya ɓace.

Magana ta kai gaban mai unguwa. Hukuncinsa shi ne Gwadabe ya riƙa cin tuwon Maimunatu kullum da azahar, a bencin gaba, idon kowa, har sai ta ce cinikinta ya dawo. Gwadabe yana da gyambon ciki, Maimunatu kuwa ba ta rage yaji ba. Ranar farko da ya fara gumi, idanunsa suka kaɗa, wani direba ya ce, "Ya fara," aka ja da baya. Amma ya tashi da ƙafarsa, da muryarsa ta kullum. Cikin mako na biyu Nwabueze ya dawo, direbobi suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya.

Tuni aka wuce da fim ɗin zuwa Bauchi. Jiya Alhamis Gwadabe ya je bai samu wurin zama a bencin ba. Ya roƙi Maimunatu ta shaida wa mai unguwa cewa cinikinta ya dawo, ta ce sai ta yi shawara. Ya karɓi kwanonsa ya ci a tsaye.