Yarinyar da nake tayarwa in baƙo ya zo

Ban shiga koyarwa don ina so ba. Takardar malanta mai daraja ta biyu ce iyakar abin da na samu, da ita aka tura ni wata firamare a Bolari, kusa da tasha, aka ba ni aji uku. Yara sun cika ajin har bakin ƙofa. Littafin karatu guda ɗaya ne, shi ma a hannuna yake.

Yadda aka koya mana haka muka koyar. In rubuta darasi a allo, in ɗauki tsumagiya ina nunawa, in faɗa su amsa baki ɗaya, har masu gareji suna jin muryarsu. In hedimasta ya gifta ya ji aji na tashi, sai ya gyaɗa kai ya ce nan ana aiki. A wurinmu ajin da ya fi ƙara shi ya fi karatu.

Akwai wata 'yar siririyar yarinya, 'yar wani mai goro, da ke zama a gaba. In ta ji abu sau biyu ya zauna mata, har inda nake jan numfashi take ja. Duk ranar da mai duba makarantu ya zo, ita nake tayarwa. Ta miƙe ta zuba karatu ba tuntuɓe, a yaba mata, a rubuta mini rahoto mai kyau.

Wata rana ina kwafar darasi a allo na tsallake layi ɗaya ban lura ba. Da na tashe ta, sai ta karanta har da layin da babu shi, idonta a kan allon. Da aka fita tara na tsayar da ita, na ɗora tsumagiya a kan kalmar ruwa a tsakiyar allo, na ce ta faɗa mini. Sai na ga leɓenta na motsi, ta koma farkon darasin tana biyowa a zuci, tana ƙirga kalmomi don ta iso inda na nuna. Ko harafi ɗaya ba ta sani ba.

Jibin ranar ake sa ran baƙo daga ofishin ilimi. Na dube ta, na dubi allon. Na ce, "Je ki, Allah ya yi miki albarka." Na ɗauki alli na mayar da layin da na tsallake. Baƙo ya zo, ta yi karatu, aka tafa mata. Ƙarshen shekara na ba ta ta ɗaya, na miƙa ta aji huɗu.

Bayan shekaru aka mayar da ni sashen yaƙi da jahilci. A lokacin na ɗauka wulaƙanci ne. Can na tarar dattijo mai gemu ba ya amsa karatu da ƙarfi, kunya yake ji, sai dabarata ta ƙare. Wata malama da ta girme ni a aikin ce ta zaunar da ni a wani kwas, ta nuna mini yadda ake fara wa mutum da sautin baƙi, a haɗa shi da wasali ya zama gaɓa, a haɗa gaɓa da gaɓa. Ta ce, "Malam, in kana son sanin gaskiya, ka raba mutum da taro. A cikin taro kowa malami ne." Na koma ɗalibi da furfura ta fara fito mini. A hankali na iya, har ya zama ni ake kira makarantu in gwada yara ɗaya bayan ɗaya, in rufe hoto da tafin hannu, in hargitsa jerin kalmomi, in ware waɗanda ke ɓuya a bayan muryar 'yan'uwansu. Ana ce mini gwanin koyar da karatu. Ban taɓa gaya wa kowa inda na fara ganin irin wannan yaro ba, da abin da na yi ranar.

Da na yi ritaya sai wata Islamiyya a Shamaki ta ba ni aron aji, Asabar da Lahadi da hantsi, ina koya wa matan aure boko. Wata Asabar wata mata ta shigo ta zauna can baya. Wata maƙwabciyarta da ke ajin ta juya ta ce, "Lale da 'yar boko! Ke da kike cinye na ɗaya, me ya kawo ki cikinmu mu jakuna? Ko an ɗauke ki mataimakiyar Malam ne?" Aka yi dariya. Baƙuwar ta ce idonta ne ya yi rauni, ta zo ta ɗan tuna. Muryar na gane kafin fuskar: 'yar mai goron nan ce.

Da aka tashi ta tsaya. Ta ce, "Malam, ka gane ni?"

Na ce, "Na gane ki, 'yata." Sai bakina ya riga ni. Na gaya mata zancen layin da na tsallake, na ce tun ranar na sani, na yi shiru don rahotona.

Ta ce, "Ai na san ka sani, Malam. Kullum ina jira ka sake tsayar da ni in an fita tara."

Ta zaro wani littafin rubutu daga cikin hijabinta, an naɗe shi a leda. Na 'yarta ne ta fari, wadda ta rasu wurin haihuwa shekara huɗu da suka wuce, ta bar jaririya. Mijin marigayiyar makanike ne, karatun allo kawai ya yi. Kafin ranar suna ya kawo mata littafin a gaban mata cike da tsakar gida, ya kira ta yadda 'ya'yanta ke kiranta, ya ce, "Dada, ke kika yi boko, ki duba mana ko ta bar wata wasiyya." Ta buɗe, ta juya shafi biyu uku, ta ce babu komai, addu'o'i ne. Shekara arba'in dangi da unguwa na ɗaukarta mai ilimi, ta kasa rushe wannan a ranar makoki.

Na miƙa hannu na ce in karanta mata. Ta janye littafin. Ta ce, "A'a. Da idona nake so."

Muka fara daga ba, bi, bu. Ƙwaƙwalwarta tana nan yadda na san ta, kuma ita ce ta zame mana cikas, don kafin ta dubi kalma ta riga ta haddace ta. Sai na yanka kwali ƙanana, kowace gaɓa da nata, ina juya su kowane zama. Wani lokaci ta fusata ta ce, "Malam, da can ba ka da wannan mugunta." In ce da can ce muguntar. Zancen idon ma ba duka ne ƙarya ba, yanar ido ta fara rufe na hagu, sai ta kawo takarda dab da hanci. Ina tsoron kada idon ya riga mu.

Muka ci damina guda a haka. Wata Lahadi bayan mata sun watse, ta kwance ledar da kanta. Na matsa gefe don kada in ga shafin. Ta ɗora yatsa tana haɗawa a fili, gaɓa bayan gaɓa. Shafin farko kayan haihuwa ne: zani, sabulu, man shafawa. Ta yi murmushi ta ce rubutun 'yar tata kamar tafiyar kaza. Ta juya. A shafi na biyu ta daɗe a kan layi ɗaya, ta koma farkonsa har sau uku, sannan ta faɗe shi a haɗe.

"In mace ce, sunan Dada za a sa mata."

Jikar tata tana nan a gidan ubanta, tana gudu, tana amsa sunan wata gwaggonsa da aka sa mata don babu wanda ya san abin da uwarta ta so.

Ba ta yi kuka ba. Ta rufe littafin ta ɗora a cinya, muka zauna muna jin yara na biya karatu a ajin da ke kusa. Can ta ce, "Sai na gaya wa uban yarinyar."

Na ce, "Ki ce masa laifin malaminki ne. In kina so mu je tare, in faɗa da bakina."

Ta girgiza kai. "Naka daban ne, Malam, yana tsakaninka da Allah. Amma bakina ne ya ce masa babu komai."

Na raka ta bakin titi. Ta tsayar da keke, ta ce wa direban Bolari, wajen masu gareji. Ta shiga da littafin a hannu, ledar kuwa a kan benci ta bar ta.