Farfesa a Bayan Ƙofa

Yayana Abdulghaffar ya ƙarar da gashin kansa wajen koyar da tarihi a wata jami'a a Amurka. A unguwar Bani Malik ta Jidda muka tashi, a gidan da ke saman shagon mai gyaran firji. Tun yana yaro tambaya ce sana'arsa. In aka aike shi sayen burodi, sai ya dawo da labarin kakan mai burodin, burodin kuwa ya huce.

Ya samu gurbin karatu ya tafi, ya zama ɗan ƙasar can, har sai da biza yake zuwa gaida mu. Abin da ya ƙware a kai shi ne hanyar alhazan da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka ratsa Chadi da Sudan, suka tsallako teku zuwa Jidda. Babu tsohon da bai durƙusa a gabansa da na'urar ɗaukar murya ba. Ya rubuta littattafai da Turanci, ya aiko mana. Masu kauri ne, muna tokare ƙofar baranda da ɗaya.

Mutum ɗaya ce ta gagare shi, Hajiya Zubaidatu, mahaifiyarmu. Ita ma ta taka hanyar nan tana amarya, a gonar auduga a Sudan ta haife shi. To shi ne ɗan fari, Umma kuwa tsohuwar Bahaushiya ce ta gaske. Ba ta faɗin sunansa, ba ta zama hira da shi. "Wancan" take ce masa. In ya gaishe ta, bango take amsa wa.

Bara ya yi ritaya ya zo, ya tarar Umma ta kusa casa'in, numfashi yana yi mata wuya. Na ga tsoro a fuskarsa, kuma ya ba ni tausayi. Ya san in ta tafi, ta tafi da labarin. Ya zauna a bakin gadonta ya kunna na'ura.

"Ya ummi, ki ba ni labarin hanya."

Ta dubi fanka. "Surayya, wancan ba shi da aikin yi ne?"

Haka aka yi ta yi har bizarsa ta kusa ƙarewa. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ina shafa mata man zafi a ƙafa, sai ta ɗaga murya fiye da yadda kunnena yake buƙata.

"Ke ba ki taɓa tambayata yadda muka zo ba."

Ni ban damu da yadda aka zo ba, tunda an zo. Amma na ji motsi a bayan ƙofa, sai na ce, "Yalla, Umma, ina ji."

Ta faɗi garuruwa, da jakin da ya mutu, da shekarun tsinkar auduga. Farfesa guda yana tsugune a tsakanin takalma, gwiwoyinsa suna ƙara. Da ta iso Sawakin, inda ake jiran jirgin ruwa, sai ta rage murya.

"Yaron ya kamu da zazzaɓi. Matan ayari suka ce ba zai kai ba, in bar shi wurin wata mata da ba ta haihu ba. Na ce halas, shi ke nan, ku hau jirginku, ni da shi mun zauna. Sai da shekara ta zagayo muka samu wani jirgin." Ta gyara ɗankwali. "Nauyi gare shi kamar turmi. Amma ban taɓa ba kowa ya goya mini shi ba."

Daga bayan ƙofa aka fara jan hanci, har abin ya fi ƙarfin ɓoyewa. Umma ta saurara kaɗan, fuskarta ba ta canza ba.

"Surayya, kashe mukayyif ɗin nan," ta ce, tana nuna na'urar sanyaya ɗaki. "Sanyinsa yana sa wa mutane mura."