Ƙarin Sifirin da Na Yi wa Motata

Shekarar da gwamnati ta ƙara albashi ta kuma biya ariyas, wato bashin ƙarin na watannin baya, a dunƙule, Daura ta cika da sababbin babura da rediyo mai kaset. Abokan aikina a ofishin gona kusan kowa babur ya saya. Ni na ce sai mota, ko da ta hannu ce, kuma dalilina guda ɗaya ne: Inna. Mahaifiyata ta daɗe tana fama da ciwon baya da ƙugu, likita a Katsina kuma ya ce a riƙa kai ta duk wata. Na gaji da ganin ana cusa ta a motar haya tsakanin buhuna da kejin kaji, ta dawo gida tana dafa bango, ta kwana uku tana salla a zaune.

A Kano na samo motar, wajen wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki. Fara ce mai faɗin baya, ta ɗan sha jiki, amma akwai laushi. Tafiyarmu ta farko zuwa asibiti, kafin mu kai Mashi Inna ta yi barci a kujerar baya, duk da gargadar hanya. Ba ta ce mini komai ba da muka dawo, ban kuma sa ran za ta ce ba. Ni ne ɗanta na fari. Ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta taɓa buɗe baki ta ce mini ga abin da take so ko ga inda ke mata ciwo ba. Duk maganar da ke tsakaninmu ta bakin ƙanwata take bi. Ita ce ta same ni a zaure da yamma tana dariya, ta ce Inna ta ce kamar a kan katifa aka kai ta. Ranar na ji kuɗina sun biya.

Wata biyu na ci wannan daɗin, sannan Kawu ya shigo. Yayan Inna ne, falke ne mai kai hatsi kasuwar Mai'adua da Kongolam, kuma shi ya riƙe ni a makaranta bayan rasuwar mahaifina. Da buhun gero ɗaya ya fara, wai tunda dai zan bi ta wajen duba gonaki. Buhu ɗaya ya zama uku. Maƙwabta suka gani, su ma suka riƙa zuwa da "tunda dai za ka": wannan wake, wancan rago, wata kuma kayan ɗakin 'yarta za a kai ƙauye. A unguwarmu kaf motata ce kaɗai, kuma ba wanda ya taɓa tunanin wani abu yake roƙo. Ni kuwa bakina ba ya iya furta a'a ga mutumin da ya san ni tun ina yawo ba wando.

Sifirin baya, wato fallayen ƙarfen da ke riƙe nauyin mota a kan tayoyi, ya karye sau biyu cikin wata uku. Karo na biyun a hanyar Kongolam ne, da buhu biyar na Kawu, sai da na bar motar a bakin hanya na hau bayan babur na je na ɗauko bakanike. Dattijo ne, garejinsa gindin bishiya ne kusa da tasha, kuma ba ya ɓoye wa mutum gaskiya. Da ya fito daga ƙarƙashin motar ya goge hannu ya ce, "Malam, wannan motar mutane aka ƙera ta ɗauka, kai kuma ka mai da ita jaki. Zan iya aikawa Kano a kawo mata irin nata, mai laushi. Amma da wannan kayan da kake labta mata, kafin damina za ka dawo."

Na ce to mene ne dabara.

Ya ce, "Mai arahar duka, ka ce da masu kaya su nemi akori-kura."

Ya dube ni ya yi dariya, don ya san Kawu. Sannan ya ce akwai wata hanyar: ya yanko falle biyu-biyu daga sifirin wata tsohuwar akori-kura ya ƙara a kowane ɓangare, ya ɗaga bayan, a sa manyan tayoyi. Kuɗin ya kusan ninka na sabon sifirin sau uku, amma sau ɗaya za a kashe a huta.

Mako guda ina juya maganar. Abin da ya rage mini na ariyas ke nan, wanda na ware don ko-ta-kwana. In na sayi mai laushi, bayan 'yan watanni in sake saye, in sake, har ranar da ba ni da abin saye, motar ta zauna a kan duwatsu a ƙofar gida yara na wasa a ciki. In na yi ƙarin, na rufe ƙofar kashe kuɗi. Haka na lissafa, har ina yaba wa kaina da hangen nesa. Da na koma na ce a yi, bakaniken ya faɗa mini ƙarara: "Ka sani fa, in ba kaya a bayanta za ta riƙa dukan mutum." Na ce ai kujerar akwai soso. Tunda kuma aljihu ya riga ya buɗe, na sa aka ɗora mata ƙarfen ɗaukar kaya a bisa, don buhuna su daina yaga mini kujera. Wannan wautar tawa ce, ba wanda ya sa ni.

Motar ta fito ta ɗaga baya kamar zakara. Kawu ya zagaya ta sau biyu, ya daddaki tayar da sandarsa, bayan sallar la'asar kuma ya tsaya a ƙofar masallaci yana gaya wa mutane ɗansa ya kashe dukiya ya gyara mota saboda shi. Washegari ya aiko mini da tunkiya. Na karɓa na yi godiya, ban gane cewa an ɗaure ni ba ke nan.

Da ranar asibiti ta zo, mu uku ne a motar, ba kaya. Ni a gaba, riƙe da sitiyari, ban ji wani abin a zo a gani ba. Na dai lura a madubi Inna ta riƙe kujerar gaba da hannu biyu, leɓɓanta na motsi, na ɗauka zikiri take yi. Wata na gaba ƙanwata ta ce Inna ta ce ta ji sauƙi, ba sai an je ba. Na yi murna, wawa da ni. Wata na biye ma haka. Sai ranar da na shiga gaida ta na tarar da ita tana sallar azahar a kishingiɗe, sannan na ja ƙanwata waje na matsa mata.

Ta ce, "Yaya, motarka ce. Tun ranar nan ba ta miƙe ba. Ta ce in ban rufa mata asiri ba ba ta yafe ba. Har cewa ta yi in kai ta a motar haya ba da saninka ba."

Ban taɓa jin kunya da haushin kaina irin na ranar ba. An sayar da kare an sayi biri. Na koma wajen bakanike na ce ya cire abin da ya ƙara. Bai ce ai na faɗa maka ba, Allah ya saka masa. Ya dai nuna mini cewa tsofaffin fallayen an huda su an lanƙwasa, ba sa komawa yadda suke. Sai an sayi sabon sifiri na ɓangare biyu, a sake tayoyi. Kuɗin da ba ni da su. Ko da ina da su, ya ce, ranar da Kawu ya ɗora buhu biyar mun koma gidan jiya. Na yi maganar sayarwa. Ya ce motar da aka ɗaga haka sai 'yan kasuwa, su kuma sun san a matse nake, kuma farashin mota ya tashi, abin da za su ba ni ko babur mai kyau ba zai saya ba.

"Amma akwai sauƙi," in ji shi. "Ka sa mata nauyi. Buhu huɗu a baya, za ta kwanta ta yi laushi kamar da."

Na cika buhu huɗu da yashi na jera a bayan motar. Dabarar ta yi, na gwada a kan gargada na ji da jikina. Kwana biyu kacal ta yi. Kawu ya zo da geronsa ya buɗe baya ya ga buhuna, ya soka yatsa, yashi ya zubo. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ashe ka gwammace ka ɗauki ƙasa da ka ɗauki hatsin kawunka. Da ka faɗa mini da baki ai ya fi." Ya juya ya tafi. Na bi shi har gida ina bayani, ya ce ya ji, amma fuskarsa ba ta ji ba. Maganar ta kai kunnen Inna, ta aiko ƙanwata ta ce in don ita ake ɓata wa yayanta rai, a zubar da yashin nan yau. Na zubar.

Daga nan ni da nake addu'ar masu kaya su ƙyale ni, na koma ni ke bin su. Jajibirin ranar asibiti sai in bi gida-gida ina tambayar wa ke da buhun da za a kai Katsina. Zuwa ba wuya, Kawu ya huce yana ba ni. Dawowa ce matsala. In an gama ganin likita, sai in bar Inna da ƙanwata a kan tabarma gindin bishiya a harabar asibiti, in kai kayan mutane kasuwa, in shiga tasha ina cigiyar mai kaya zuwa Daura. 'Yan kamasho suka fara hararata, wai ina ƙwace musu abinci. A gida kuma aka fara cewa malamin gona son kuɗi ya kama shi, har haya yake yi da uwarsa ba lafiya a cikin mota. Kwabo ban taɓa karɓa ba, amma wa zan tsaya in yi wa rantsuwa?

Duk wata ina cewa zan tara in sayi sabon sifirin, in kuma koyi cewa a'a. Duk wata motar na da abin da za ta ci. Nauyi ya cinye kuloci, ya cinye birki, taya ta fashe a hanyar Zango. Abin da na tara sai ya tafi can, don in ta tsaya Inna ba ta da ko wannan. A'ar kuwa ban koya ba.

Wata Laraba da zafi na rasa kaya. Na zaga tasha da kasuwa tun azahar har la'asar ta wuce, kowa ya riga ya ɗora wa manyan motoci. Da ƙyar na samu buhu biyu na gishiri. Na dawo asibiti na tarar inuwa ta kauce daga inda na bar su, Inna na kwance a gefe ɗaya, ƙanwata na yi mata fifita da mayafi. Na durƙusa na ce a yi haƙuri, buhu biyu ne, zan tafi a hankali.

Inna ba ta dube ni ba. Sai ta dubi ƙanwata, ta yi magana yadda zan ji.

"Ki ce da shi ya daina wahalar nan. Ki ce masa na warke."

Ƙanwata ba ta maimaita ba. Mun yi tafiyar a hankali, muka iso Daura bayan magariba, mu biyu muka tallabe ta muka shigar da ita ɗaki. Wata na zagayowa na sake haɗa buhuna na tsaya a ƙofar gida, aka ce mini ta ce ba za ta ba. Na aika Kawu, na aika limamin unguwa, ta ce ta gode, jiƙe-jiƙen gida sun ishe ta. Ba ta ƙara zuwa Katsina ba har Allah ya karɓi abinsa.

Motar ta ƙara shekara shida a hannuna tana jigilar geron mutane. Sifirinta bai sake karyewa ba ko sau ɗaya.