Ranar da Aka Buga wa Zomanya Ƙararrawa

Shekara uku Nayeli Ochoa ta yi tana gudu wa kwalejinsu a yammacin Kansas, amma ko mai ƙaunarta ba zai iya gaya maka yadda take ƙarasa tsere ba, don ba ta ƙarasawa. Ita ce zomanyar ƙungiya. Da an harba bindigar tashi sai ta shige gaba, ta tare wa na bayanta iska, ta riƙe musu gudu daidai wa daida. A zagaye na takwas ta karkata hagu, ta taka ciyawar tsakiyar fili, ta dafa gwiwa tana haki. Daga nan take jin ƙararrawar zagayen ƙarshe ana buga wa wasu.

Koci Pruitt ne ya ɗora ta a kan aikin. Ya ce yarinyar nan agogo ta haɗiya, asara ce a bar ta a tsakiyar taro. Wadda ta fi cin moriyar abin ita ce Brynn Halvorsen, wata doguwar 'yar manoman alkama mai bakin tsiya, wadda duk lambobin yabon da ta rataye a ɗaki a bayan Nayeli aka dafa su. Nayeli kuwa ko a jikinta. Mutum ce mai son a ce ta yi amfani, kuma gado ta yi. Babanta Eusebio ya tsufa a mayankar shanun garinsu bai taɓa fashin aiki ba. Shi kaɗai ne lamarin zomon nan bai taɓa shiga kansa ba. An yi masa bayani ya fi a ƙirga, amma duk ranar tsere sai ya zo da kular tamale, dafaffen ƙullun masara da nama, ya jingina da shinge, da ta taka ciyawa ya ɗaga hannu: "'Yata, wa ya ce ki tsaya?"

Da ta zo ajin ƙarshe ne abin ya juyo kanta. Digiri na biyu take so a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, don da idonta ta ga rijiyoyin gonakin yankinsu suna ƙafewa, kwalejinsu kuma ba ta koyar da wannan. Kuɗin babbar jami'a ya fi ƙarfin gidansu nesa ba kusa ba. Sai dai a shekararta ta farko ta karye a ƙafa ba ta yi gasa ba, saboda haka cikin kaka huɗu da ƙa'ida ta ba kowane ɗalibi tana da sauran kakar gudu guda a hannu. In wata jami'a ta ɗauke ta don ƙafafunta, za ta biya mata karatun. In ba a samu ba, tana karɓar takardarta sai gida.

Ranar da ta sa sunanta a rajistar 'yan wasa masu neman sauya makaranta ko abinci ba ta iya ci ba don ɗoki. Waya ta yi ta ƙara. Masu horarwa daga jihohin da ba ta taɓa takawa ba suna kiran sunanta, wasu ma suna karya shi. Amma duk tambaya ɗaya suke yi: a minti nawa take gama mita dubu biyar? Sai ta ba su tsohon lokacinta na sakandare. Sai ka ji murya ta yi sanyi, a ce za a neme ta.

Mutum ɗaya ce ba ta yi mata kwana-kwana ba, Koci Adair ta wata jami'a a Arizona. Ta ce ta kalli bidiyon tseren Brynn, kullum tana ganin wata gajeruwa a gaba, can kuma ta neme ta ta rasa.

"Ban san abin da ke cikinki bayan zagaye na takwas ba," in ji ta. "Ke ma ba ki sani ba. Gurbi ɗaya ya rage mini. Ki sauko ƙasa da minti goma sha shida da rabi a gasar ƙarshe, naki ne."

A ɗakin cin abinci Nayeli ta ba Brynn labari. Brynn ta ajiye cokali ta ce ita za ta yi mata zomo. Nayeli ta yi dariya har ta ƙware, ta ce ina Brynn ina riƙe gudu, wadda ke tashi kamar an biyo ta da wuta? Brynn ta ce shekara uku tana kallon ƙeyar nan mai gumi, in ba ta koyi komai ba ai ta zama jaka. Da suka je wa Koci Pruitt, ya cire hula ya daɗe yana sosa sanƙonsa. Ya ce tuntuni ya kamata a ce daga bakinsa maganar ta fito.

Ranar gasar iskar Kansas ta yi musu mutunci, ta kwanta da la'asar. Bindiga ta tashi, Brynn ta shige gaba, Nayeli ta manne a bayanta. Ashe haka bayan mutum yake da daɗi! Ba iska a ƙirji, ba lissafi a kai, sai bin kafaɗa. Har ta fara tunanin lallai Brynn ta ci banza shekara uku.

Suna shiga zagaye na takwas Brynn ta fara karkata hagu za ta sauka. Nayeli ba ta san lokacin da jikinta ya karkata tare da ita ba. Ƙafar da ta saba ta nufi ciyawa da kanta, taku ɗaya ya rage ta tsallake bakin layi tseren ya tashi a banza. Brynn ta ji numfashi a inda bai kamata ba. Ta kai mata gwiwar hannu a haƙarƙari.

"Ina za ki, Zomanya? Yau wurin nan nawa ne. Wuce!"

Ta wuce. Abin da ke bayan zagaye na takwas ba daɗi. Cinyoyi suka yi nauyi, baki ya yi ɗaci, tsoro ya kama ta sosai. Wata 'yar Nebraska ta zo ta gifta ta. A da, in an wuce ta aikinta ya yi kyau ke nan. Yau sai ta ji wani haushi da ba ta san tana da shi ba, ta bi yarinyar ta ƙwace wurinta. Ta gefen ido ta hango babanta yana bin shinge a guje, kula na dukan cinyarsa, hularsa ta faɗi bai waiwaya ba. Koci Pruitt na ihun lambobi, ba ta jin ko ɗaya.

Sai ƙararrawa ta buga a daidai kunnenta. Ba ta taɓa sanin haka take da ƙara ba. Ta zuba duk abin da ya rage mata.

Da ta tsallake layi ta ɗaga kai, agogon fili bai kai minti goma sha shida da rabin nan ba, da 'yar tazara ma. Koci Pruitt ya riga ya kira Arizona, yana ta "Kin gani? Kin gani?" cikin waya, sannan ya ɗaga mata babban yatsa. Brynn na tsalle a kan ciyawa tana cewa a dai tuna da zomo ranar rabon yabo. Eusebio ya rungume kularsa yana kuka bai damu da kowa ba.

Nayeli ta tsaya cak a kan jan layin gudu, hannu a ƙugu, don ba ta san inda masu gamawa suke zuwa ba. Wani dattijon alƙalin fili ya matso ya ce ta daure ta koma kan ciyawa, akwai tsere na gaba.

Ta dubi ciyawar, ta dube shi, tana dariya tana haki.

"Yallaɓai, ɗan bar ni a nan tukuna. Can na san shi."