Rijiyar da Makau Yake Haƙawa

Ni ne magatakardan hakimi a garinmu, kusa da Gwashi. Tun bara nake rubuta ranar da jirgin yaƙi ya wuce da inda ya ɓullo. Makau ne ya zo ya tambayi wannan littafi.

Makau ya yi shekara goma sha bakwai yana karen mota tsakanin Gummi da Anka. Direba ba ya tsayawa saboda buhu ɗaya, sai dai a tunkuɗo shi mota na tafiya. A nan ya gane cewa kaya ba ya sauka inda aka sake shi. Yana bin mota da gudunta, in kuma marar nauyi ne iska ta juya shi yadda ta ga dama. Da gwiwarsa ta lalace ya dawo gida noma.

Ran tara ga Agusta da hantsi, jirgi ya taso daga gabas ya nufi dajin 'yan bindiga. Yana bisa dutsen da ke gabas da gari, sai wani dogon abu ya rabu da fiffikensa. Mutane suka tsaya kallo, tunda dutsen da nisa.

Makau ya ƙwala ihu: "Ku kauce gefe! Nan ya nufo!"

Abin ya taho yana wulwulawa, ya faɗi cikin gero, taku sittin daga rijiyar gari. Matarsa Lauratu na bakin rijiyar da guga a hannu. Daga baya aka ce tankin mai ne, fanko.

Washegari Makau ya same ni a ofis.

"Malam, karanta mini."

Na karanta. Sau goma sha ɗaya, duk daga gabas, bisa dutse, bisa rijiya.

Ya roƙi dattawa a haƙa wata rijiyar a arewa, nesa da hanyar jirgin. Namadi maƙeri ya yi dariya.

"Makau, yaushe karen mota ya koma tuƙin jirgi?"

"Wanga karo fanko ne, Namadi. Na gaba fa, mi ka sani?"

Ba wanda ya ɗauki diga.

Shi kaɗai yake haƙa, da gwiwar nan tasa. Ya kai gaba huɗu, ƙasa ba ta yi laima ba tukuna. Lauratu na zuwa tsohuwar rijiya kullum da hantsi, don babu wani ruwan. In ta fita, yakan fito daga ramin ya tsaya yana fuskantar gabas har ta dawo.

Jiya na rubuta na goma sha biyu.